Na Sake Aikin Baba a Ɓoye

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan ya tsaya mini a rai.

Ni da mahaifina muke gyaran rediyo, shago ɗaya, tebur ɗaya. Kowace rediyo tana da wani shuuu nata na ciki, kuma duk muryar da ta fi shi rauni ba ta fitowa. Shekara talatin Baba da kunne yake auna wannan. Sai ya karkata kai, ya lumshe ido, ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Ni da na'ura na koya, kullum yana tsokanata wai kunnen aro gare ni.

Makon jiya aka kawo rediyoyin oba-oba biyu na motocin asibiti. Ya gyara, ya saurara, ya ce lafiya lau. Da ya fita salla na ɗora su a na'ura, na auna. Shuuu ɗin ya yi yawa, mota na yin nisa direba ba zai ji kira ba. Na sake aikin ban gaya masa ba. Masu kayan suka yi ta yabonsa, yana murmushi, ni kuwa kamar in yi kuka. Jinsa ya fara raguwa, a gida ma sai an maimaita masa magana. Idan na faɗa na karya masa zuciya, idan na yi shiru ina tsoron ranar da ba na shago.

'Yar mai gyara

'Yata, kin kyauta da kika sake aikin, rayukan mutane ne a motocin nan. Amma ɓoyon ba zai ɗore ba. Ran da Baba ya gane da kansa, abin zai fi yi masa ciwo.

Ki tuna, kunnen nan da shi ya rene ki, ba ƙaramin abu zai rasa ba. Kada ki yi maganar gaban masu kawo gyara. Ki same shi ku biyu, ki ɗora rediyo a na'ura, ya ga awon da idonsa. Mai sana'a ne, zai fahimta kafin ki gama bayani. Sannan ku raba aiki: shi ya gano inda cutar take, ke ki auna kafin kaya su fita. Ki kuma roƙi Mama ta lallaɓa shi ya ga likitan kunne, wataƙila abin mai sauƙi ne.

Zai iya yin fushi kwana biyu. Ki haƙura, ki ci gaba da ajiye masa kujerarsa a gaban tebur. Allah Ya ba shi lafiya, Ya yi miki albarka.