Ba Mutuwa Suka Rubuto Ba

Zuwa ga Yaya Abdu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka duk inda kake. Ƙanwarka Sa'a ce daga Madawa.

Yau kwana tara da saƙo ya shigo salular Inna daga mai jirgin kamun kifin da kake wa aiki a Gana. Da Ingilishi ya rubuto. Ya ce iska ta kife jirginku, an tsamo mutum huɗu, kai kuwa "missing".

Ina lakwal a lokacin, ina koya wa ɗalibai Ingilishi. Kafin in iso, wani ya sa salula ta juya kalmar zuwa Faransanci, ta ba su "perdu", suka ɗauka an rasa ka ke nan. Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Baffa Illa ya ce matarka Rabi ta shiga takaba.

Ka san ban taɓa musa wa Baffa ba. Ran nan na durƙusa na ce ba haka aka rubuto ba. Shekara shida ina koyar da waɗannan kalmomi. "Missing" shi ne wanda ba a gani ba, ana kan nemansa. In mutanen teku sun fid da rai, "lost" suke cewa. Da sun ga gawa, "dead" za su rubuta. Baffa ya ce ruwa bai san nahawu ba. Amma ya sa aka naɗe tabarmin, ya ba ni zuwa Juma'ar mako na gaba. In babu labari, za a yi maka salla.

Kai ka sayo mini ƙamus na farko a kasuwar Konni, ka ce in dage, wata rana zan karanta maka takardun Turawa.

Akwai abin da na ɓoye musu, Yaya. "Missing" ba ta da wa'adi, tana iya kai shekara goma a kan sunan mutum. Kullum da safe Inna na sa ni in maimaita mata ita, sai ta ce "misin", ta shafa fuska. Rabi ba ta tsefe kitsonta ba, ni take kallo.

Jiya na sake rubuta wa mai jirgin. Ya amsa da "still missing". Na ce musu har yanzu ana nema.

Gobe ce Juma'ar.

Allah, wanda ya san abin da ke cikin teku, ya fito mana da kai. In kuwa ka riga mu, ya jiƙan ka, ya yafe mini kwanakin da na hana a yi maka salla.

Ƙanwarka,
Sa'a