Doguwa a Baƙin Allo

Zuwa ga mijina Manzo, malamin biro mai aikin ofis a Yamai.

Kafin gaisuwa riƙe wannan. Ido na ganinsa, kunne ba ya jinsa, bai kai nauyin ƙwayar gero ba, amma ya hana dattijo kiran salla. Mene ne? Kada ka leƙa ƙarshen takarda, na san halinka.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da iyalinka, Ya tsare ku daga sharrin yaƙin nan da ake ta ɗibar samari dominsa. Mu nan Madawa lafiya lau. Ruwa ya sauka, gero ya yi ciki, awaki sun ƙoshi. Gwiwa ce dai ke damuna, ga shi na auri miji marowaci da ko goro ba ya aikowa. Amma yau ba ni da bakin yi maka tsiya, kunya ce ta sa ni rubutu.

Ladanmu Maiguwa ya tsufa, muryarsa ba ta ƙetare dangar masallaci. Liman Alƙasim ya ce in azumi ya kama ubanka zai karɓa. Ka san abin da wannan yake ga gidanmu. Mu jikokin Aznan Babankatami ne, kakanka ya mutu bai taɓa sa goshi ƙasa ba, ubanka kuwa ya tsufa a sahun baya yana jin ana raɗa. Tun da anka gaya masa yake gwada muryarsa a gona, har jakuna sun saba.

Sai ga sabon mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, Kalla, ya kira ni in ba yara labarin mutanen da. Ka tuna a lakwal ɗin nan na tsinci baƙaƙen nasara ta taga, sa'ad da nake dafa tuwon 'yan makaranta. Ina labari yana rubuta kalmomi a baƙin allo. Na ba su labarin Doguwa, wadda iyayenmu ke yanka wa baƙar akuya a gindin tsamiya kafin shuka. Da na ɗaga kai sai na ga ya rubuta Allah da babban harafi, ita kuwa da ƙarami. Na tambaye shi dalili. Ya ce Allah suna ne na guda ɗaya, don haka harafinsa babba ne. Iskoki da gumaka kuwa taro ne kamar awaki, ƙarami ya ishe su, doguwa ma siffa ce, kowace mace mai tsawo doguwa ce. Na ce masa Furera mai fura ta fi ƙofar ɗakinta tsawo, amma ban taɓa ganin an yanka mata akuya ba. Yara sunka fashe da dariya, dariyar ta hau mini kai. Na fizge alli, na goge da bakin zane, na zana nawa harafin da ƙarfi, har kansa ya wuce na sunan Allah. Mushe ya ce in dai sunan guda ɗaya ne to ƙa'ida na tare da ni, sai dai in rage shi ya yi daidai da sauran. Amma yara sun riga sun gani.

Kafin la'asar unguwa ta ɗauka: wai ni Cima na ɗora Doguwa bisa Allah a allon nasara, ashe har yanzu akwai akuya a gidan. Na yafa zane na tafi wurin liman. Na ce masa babban harafi ba bauta ba ne, Madawa ma da shi ake rubuta ta, har sunan karen nasara kumandan. Ya saurare ni da haƙuri. Ya ce a rubutunsu na ajami babu harafin da ya fi ɗan'uwansa girma, don haka ba shi da hukunci a kai, kuma ya san ina salla. Amma ba zai tsayar da mutum kira ba alhali jama'a na ƙunƙuni a bayansa. Bana wani daban, Mati, zai kira, baɗi a gani.

Don in gyara na koma lakwal na maida harafin ƙarami a gaban yara. Ran kasuwa labarin ya iske wana Rabo, wanda shi kaɗai ya rage yana share gindin tsamiyar nan. Ya maido mini ƙwaryar furar da na aika masa bai taɓa ba, ya ce a gaya mini na ƙasƙantar da wadda ta ciyar da uwarmu don a ba ɗana kira, kuma kiran ma ban samu ba. Ba ƙarya ya yi ba.

 Kowace safiya ubanka yana durƙusawa ƙofar ɗakina ya gaishe ni, ya wuce masallaci ya tsaya sahun baya. A gona ya daina gwada murya. Da zagina ya yi da na fi samun barci.

Ga roƙona. Na ji matarka Ramatu ta yi nauyi. Kada ka bar ta haihu a Yamai, ka sako ta a mota ta taho gida. Ka rubuta wa ubanka da kanka, kada ka ambaci lakwal, kada ka ambace ni. Ka ce kana so shi zai yi wa jinjirin kiran salla a kunne. Wannan kira dai babu mai hana shi.

Ka gaida Ramatu da kyau, da ƙanwarta Kaltume, da maƙwabcinku Takawa. A'i da Binta na gaishe ku. Allah Ya sauke ta lafiya, Ya haɗa fuskokinmu.

Matarka ta fari, kakarka Cima.

Amsar kacici-kacicin, babban harafi ne.