Ba Zan Ba da Haƙuri Kan Hana Jirgi Tashi Ba

Galtimari, Maiduguri

Zuwa ga ƙanena Bukar,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Falmata da yara. Yaya ƙafarka? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Na samu saƙonka game da saɓanina da shugaban aikinmu. Ga yadda al'amarin ya kasance. Masu binciken da suka zo da jirgin sama na auna iska da gajimare sun raba aiki tun farko: tuƙi na matuƙi ne, awo na masu na'urori, zaɓen hanya na shugaba, ni kuwa hasashen yanayi aka damƙa mini. Ƙa'idarmu ita ce, idan ɗayanmu ya ce a'a, jirgi ba ya tashi.

Ranar Talata na ga hadari yana haɗuwa daga gabas, na hana a tashi. Hadarin ya karkata, ko ɗigo bai sauka ba, aka rasa awon ranar. Shugaban ya ce, "Baba, daga yau shawara kawai za ka riƙa bayarwa." Na ce masa ko dai maganata ta tsayar da jirgi, ko su nemi wani.

Ka aiko cewa in ba shi haƙuri kada in rasa aikin. Ba zan bayar ba. 'Ya'yan mutane ne a cikin jirgin nan, kuma gobe in na ga irin wannan hadari, abin da zan faɗa ke nan.

Ina roƙon haɗin kanku duka: a daina turo mini masu lallashi, a taya ni da addu'a. Ka gai da Ya Gana da sauran dangi.

Yayanka,
Modu