Zaitun ɗin Dda Arezki a Kan Rufina

Litinin, 30 ga Janairu

Dusar ƙanƙara ta fara sauka daga kan duwatsu. Na sake duba reshen da ya kwanto kan rufinmu, tsagar da ke gindinsa ta ƙara buɗewa, hannuna yana shiga. Ƙarƙashinsa ne ɗakin murhu, inda Inna, mahaifiyata, take kwance tun da ƙafafunta suka mutu.

Ƙasar tawa ce, itacen na Dda Arezki ne, yayan mijina. Haka aka raba gadon ubansu, marigayi mijina ya ɗauki fili, shi ya ɗauki zaitun ɗin da ke tsakiyarsa. Ko ganye ban isa in tsinka ba. Allah ya isa tsakanina da wanda ya yi wannan rabo.

Laraba, 1 ga Fabrairu

Na je gidansa. Na same shi yana tsoma busasshen ɓaure a mai, ko zauna bai ce min ba.

Na ce, "Dda Arezki, reshen nan zai kashe mu."

Ya ce, "Tasadit, itacen nan ya ga dusar da ta fi wannan tun kina goyo. 'Ya'ya ne fal a jikinsa ban kaɗe ba. Ki bari sai bazara."

Na ce bazarar ta same mu a kabari ke nan. Wai bakina ya fi dusar nauyi. Tsoho mai kunnen ƙashi! Na tsane shi, na rubuta, na tsane shi.

Alhamis, 2 ga Fabrairu

Shugaban taron gari ya ce ba a sa zarto a itacen wani, ko da a cikin ɗakinka ya tsiro. Wai za su tattauna ranar Juma'a. Su tattauna, ai rufinsu lafiya lau.

Juma'a, 3 ga Fabrairu

Hanya ta toshe, wuta ta ɗauke, ba wanda ya je taro. Na tokare reshen da tsohuwar azara. Inna ta ƙi in mayar da ita ɗayan ɗakin, wai sanyi zai riga itacen kashe ta.

Asabar, 4 ga Fabrairu

Ya faɗo.

Da hantsi, ina murza kuskus. Ƙara kamar bindiga, sai ga sama a cikin ɗaki. Azarar rufi ta karye ta tsaya tangal-tangal a saman kan Inna, dusa na zuba a bargonta. Ban san inda na sami ƙarfin janye Inna ba. Goshinta ya tsage kaɗan.

Na fita tsakar gida na ƙwala wa Dda Arezki kira gari na ji. Abin da na faɗa ba zan rubuta ba, har ubansa na sa a ciki. Ya iso cikin dusa har gwiwa, ya leƙa, ya ga jinin. Ya juya ya tafi. Gara ma ya rama, da na ji daɗi.

Lahadi, 5 ga Fabrairu

Maza sun rufe ramin da tamfol. Shi ma yana cikinsu, ban ba shi kofi ba.

Talata, 7 ga Fabrairu

Na ji sara da safe. Na fito, ga shi durƙushe da gatari, gindin itacen yake sara, uwar gaba ɗaya. Fuskarsa a jiƙe. Wai dusa ce.

Na ce, "Me kake yi?"

"Abin da kike so. Itacen da ya zubar da jinin tsohuwa ba ya kwana a tsaye."

"Reshe na ce, Dda. Reshe! Wa ya ce ka kashe shi? Ubanku ne ya dasa."

Na riƙe ƙotar gatarin. Muka yi ta ja kamar yara, har ya saki ya zauna a dusa.

Na kwaɓa laka na shafe saran don kada ruɓa ta shiga. Saboda inuwar bazara na yi, ba don shi ba. Gatarin yana ƙarƙashin gadona, ya zo ya roƙa in ya isa.