Kwanon Sale

Laraba da dare, Birnin Kudu.

Barci ya ƙi zuwa. Yau na raka ƙanena Sale asibiti, wurin likitar da ke bincike kan masu shan giya. Ta zana mini ƙwaƙwalwa a takarda, ta ce, "Baba, nan ne ke tsawata wa mutum, kuma nan giyar ta raunana. Faɗa ba ya gyara shi."

Shekara bakwai ke nan da na ware masa kwanon tuwo, na hana shi sa hannu a nawa, ina ganin horo ne. A hanyar gida ya ce, "Yaya, ka dai ji."

Na ce wa matata Hajiya gobe ta zuba mana a kwano ɗaya. Tsorona kada ya ƙi zama.