Na Kai Sale Bakin Teku

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da ban girma, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima inda kike. Rubutuna kin san shi, karatun bai yi nisa ba, hannun kuma sandar ga-ruwa ta gama da shi. Ki yi haƙuri da abin da kika gani.

Inna, na karya alkawari. Gara in faɗa tun daga farko, don maganar ta fi garwa biyun da nake hawa tudun unguwar Tandabawi da su nauyi.

Na kai Sale bakin teku.

Ba mantawa na yi ba. Ina shekara bakwai muka taso daga tashar Sawakin a jirgin katako za mu ƙetaro Makka, Sale yana goye a bayanki. Muna hangen gaɓa jirgin ya kife, muka fito, Baba bai fito ba. Tun ranar kika raba ƙanena da duk ruwan da ya fi na buta. In an yi ruwan sama lungunmu ya cika, yara suna ta tsalle a ciki, ke kina riƙe da wuyan rigarsa. Maganarki ɗaya ce kullum: "Ruwa ya karɓi rabonsa a gidan nan." Da ciwo ya yi tsanani ba ki roƙe ni komai ba sai in tsare shi daga ruwa, na ce to.

Bayan mun kai ki makwancinki Sale ya daina fita. Ana cikin haka askarawa suka kama abokinsa saboda rashin iƙama, takardar izinin zama, mu ma kin san ba mu da ita. Daga nan ya juya fuskarsa ga bango. Yaro ɗan shekara sha bakwai, Inna, a ɗakin kwano, cikin zafin Makka. In saya masa gurasar tamis da safe, in dawo da la'asar in tarar da gurasar ta bushe inda na ajiye. Har gizo ya yi saƙa a takalminsa. An yi rubutu, an yi tofi, na ba shi Zamzam. Wata huɗu ban ji muryarsa ba sai a sallah, ita ma can ƙasa.

Wata rana ina juye ruwa a randa, sai na ga ya miƙo hannu ya tara, ruwan yana bi ta tsakanin yatsunsa. Washegari na rage saurin zubawa, ya sake miƙowa. Abin da ke motsa shi ke nan kaɗai, kuma shi ne abin da kika hana.

Kin tuna Idi, ɗan maƙwabciyarmu, mai tuƙa motar kifi daga Jidda? Shi ya ɗauke mu wata Juma'a, muna bayan mota tsakanin kwanduna. Askarin hanya ya leƙo, ƙarni ya buge shi, ya ce mu wuce.

A bakin ruwan akwai 'ya'yan masunta, kowa ya kwanta rub-da-ciki a kan katakon fasasshen jirgi, igiyar ruwa ta ɗauko shi ta kawo kan yashi, ya tashi ya koma. Sale ya tsaya yana kallo. Can na lura hannuna yana wuyan rigarsa, daidai inda naki yake zama. Na daɗe ina duban hannun nan. Sannan na sake shi.

Wani yaro ya ara masa katako. Ya faɗi, ya sha ruwan gishiri, ya taso yana tari. Nan take a idona na ga Baba, na ga jirgin. Sai na ji dariya. Wallahi sai da na waiwaya in ga ko wane ne, don na manta yadda tasa take.

Ranar ya ci shinkafa da kifi har ya nemi ƙari. Tun kafin mu bar Jidda ya yi barci a kafaɗata.

Juma'a shida muka yi haka. Mutanen unguwa suna ta magana, wai na bar Juma'ar Harami na tafi wasan ruwa. A can ma ai akwai masallaci. Abin da ya dame ni daban ne. Asabar yana hira, Lahadi yana taya ni ɗaukar ruwa, kafin Talata ya koma bango. Ni kuma ƙarfina ya ƙare, Inna. Ba zan iya ɗauko masa teku a garwa ba.

Akwai wani tsohon masunci, Ammi Salim, da ya lura da shi. Ya ce in bar masa shi ya koya masa iyo da ɗinkin komar kamun kifi, ya kwana tare da 'ya'yansa. Na yi sati biyu ina juya maganar. Jiya na bar shi a can.

Na san abin da na yi. Tekun da ta ci Baba ita na damƙa wa ɗanki. Amma na zauna na auna, na ga abin da kike so shi ne ya rayu, a ɗakin nan kuwa mutuwa yake yi a gabana ba tare da ɗigon ruwa ba. In na yi kuskure, laifin nawa ne, kada ki ɗora masa.

Tsohuwar rigarsa kawai na dawo da ita. Wuyanta ya saki saboda riƙonki. Na rataye ta a ƙusar da kike rataye carbinki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Baba, Ya haɗa ku inda babu rabuwa. Allah Ya riƙe Sale a inda hannuna da naki ba sa kaiwa. Ni kuma ki yafe mini.

Ɗanki na fari,
wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba.