Ƙwayar Wake a Bangon Ajin Umma

Zuwa ga Gwaggona abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya kuma sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan. Mu nan duk lafiya lau. Abba ya daina tari, Auta kuwa ta zubar da haƙoran gaba biyu, yanzu ba ta dariya sai ta sa hannu a baki.

Gwaggo, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma da baki ba zan iya ba, kin dai san Shiru-shirunki. Babban littafin kimiyyar nan da kika aiko min bara, wanda kika rubuta addu'a a shafinsa na farko, ban wuce babi na biyu ba. Labule na mayar da shi. Nakan buɗe shi a cinya, in sa littafin soyayya a tsakiya, duk wanda ya leƙo ɗaki ya ce Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ba ta da aiki sai karatu. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi, don akwai dalilin da ya sa na tona kaina yau.

Kin san shekara ashirin da biyu ke nan Umma tana koyar da kimiyya da alli, har tsagar yatsunta ta yi fari. To farkon zangon nan aka kawo wa makarantarmu kwamfuta da majigi, wato na'urar da ke haska hoto a bango. Shugabar makaranta ta tara malamai ta ce mai duba makarantu zai zo, duk wanda bai iya koyarwa da na'urar a gabansa ba za a karɓe ajinsa a ba wani, shi kuma a mayar da shi ɗakin ajiyar littattafai. Tun daga ranar na ga yadda Umma ta riƙa goge tabaraunta alhali ba ƙura a jiki. Ajin nan nata na 'yan shekarar farko shi ne ranta.

Sai ta zage. Mako guda tana buga rubutu da yatsa ɗaya, har ta kwashe duk abin da ke tsohon littafin darasinta ta zuba a kwamfuta, shafi arba'in. Ranar gwaji aka ja labule, aji ya yi duhu, rubutu ya cika bango ƙanana kamar tururuwa. Yara suka kwafa har hannu ya gaji, na baya suka kifa kai, ita kuma tana can ƙugun tebur tana neman maɓalli, ta ba su baya. Shugaba, da ta zo kallo, ta fita tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Da Umma ta dawo gida ko jakarta ba ta ajiye ba, ta zauna bakin gado ta ce wa Abba wataƙila lokacinta ne ya wuce.

Da la'asar muna ninke wanki ni da ita. Na daɗe ina juya maganar kafin ta fito, kuma da ta fito ma zanin da ke hannuna nake kallo. Na ce mata a ganina ta ba yaran ƙarshen labari tun a shafin farko, shi ya sa ba su da abin jira. Na ce mutum ba ya iya ajiye littafi idan an yanke masa babi daidai inda aka ƙwanƙwasa ƙofa, bai san wa ke waje ba. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce ashe kurman gidan nan yana magana. Amma ta ajiye wankin, ta ciro tsohuwar kalanda daga bango, ta juya bayanta, ta ce in zo mu gani.

A bayan kalandar nan muka tsara darasin, muka yanka minti arba'in gida-gida. Umma ce ta kawo tambayar da ta gyara komai. Duk abin da muka rubuta sai ta tambaya ko alli zai iya yin sa, in zai iya, ta soke shi daga kwamfuta. Haka shafi arba'in suka zube. Abu ɗaya ne ya gagari alli, wato nuna yadda tsiro ke motsi, tunda ba wanda zai zauna kwana tara yana kallon sa. Sai muka sa ƙwayar wake a kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga, muka ajiye a taga, na jingina tsohuwar wayar Abba da gwangwani, ina ɗaukar hoto sau shida a rana daga wuri ɗaya. A kwana na biyar, da saiwa ta miƙe ƙasa, muka kwantar da kwalbar a gefenta. Na haɗa hotunan suka zama bidiyon minti ɗaya da rabi. Umma ta yi ta gwada danna maɓallin tsayarwa, ni da Auta muna zaune a matsayin ɗalibai, har sai da ta iya ba tare da ta kalli hannunta ba.

Ranar da mai dubawar ya zo na nemi izini daga ajinmu, na kai mata kwalbar a rufe cikin kwali, na laɓe a bakin taga ina leƙe ta gefen labule. Wani dogon dattijo ne mai biro uku a aljihu, ya zauna a baya kusa da shugaba yana duba agogo. Umma ta kunna majigi. Gwaggo, da kin ga waken nan ya tsage a bango, girmansa ya kai tulu, farar saiwa tana saukowa kamar mai rai! Daidai inda kwalba ta kwanta, Umma ta tsayar, ta kashe na'urar ɗungurum, ta yaye labule. Yara suka yi ta gunaguni a ƙarasa musu, ta ce sam, sai kowa ya zana inda yake jin saiwar za ta nufa, ya kuma faɗi dalili. Aka rabu gida uku ana gardama, wata 'yar ƙarama da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta fito allo ta karɓi alli. Da idona na ga dattijon ya sunkuya yana tambayar shugaba ita wane ɓangare take. Saura minti takwas Umma ta sake kunnawa, saiwa ta lanƙwasa ta nufi ƙasa, kan tsiron ya juya sama, masu gaskiya suka ɗauki tafi. Sannan ta buɗe kwali, kwalbar ta zaga hannu-hannu har ta isa ga mai biro uku, ya ɗaga ta yana leƙawa ta ƙasa.

An bar wa Umma ajinta. Har ma shugaba ta roƙe ta ta zauna da sauran malamai ta nuna musu bayan kalandarmu. Ta dawo gida tana tafiya kamar an rage mata shekara goma.

To ga inda matsalata take. Umma ta faɗa wa duk malamai cewa dabarar tawa ce, kuma wai daga littafin da gwaggona ta aiko na samo ta. Ta ce ranar hutu za ta kira ki ta yi miki godiya ta musamman. Ba na so ki karɓi godiya a kan ƙaryata ba ki sani ba. Littafin naki dai ya yi aiki, tunda shi ya yi gadin littattafan soyayyar da suka koya min dabarar. Kuma jiya na buɗe babi na uku, ba komai a tsakiya, sai ga hoton saiwarmu da bayanin abin da ke sa ta lanƙwasa. Na karanta shi har ƙarshe.

Ki gaishe min da Baffa mai gyaran agogo, da Yaya nas, da 'yan biyu. Umma da Abba suna gaisuwa, Auta ta ce a faɗa miki haƙoranta suna hanya.

Sau biyu na kama shafin farko na wannan takarda zan yage. Ga shi Kawu direba yana ta danna ham a ƙofar gida, ya ce in da saƙo a kawo. Zan naɗe ta yadda take in sa masa a hannu, daga nan in wuce wurin Umma in faɗa mata gaskiya tun ƙarfin halin bai huce ba.

'Yarki mai son ki,
Shiru-shiru